Akushin Baffa

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma, babu mai tsallake wannan hanya. Baffa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami har na tashi ina kiran matarsa Inna, ya rasu bayan an gama yankan shinkafar bana, a cikin ɗakinsa, nan Gummi. Na zauna rubuta wannan don kada jikokinsa su girma ba su san ko wane ne shi ba, kuma don wani tsoro da ya rage mana a cikin gida, wanda zan iso gare shi a hankali.

Zaman makokinsa bai yi kama da na da ba. A da in dattijo ya rasu, masu gaisuwa kan wuni a ƙofar gida, wasu har su kwana. Wannan karon 'yan'uwa daga Anka da Bukkuyum sun iso da hantsi, suka zauna a kan tabarma idonsu yana kan rana. Ana idar da azahar suka fara neman takalmansu. Ba wanda ya ga laifinsu, don hanya ba ta da tabbas in rana ta karkata. In babur ya wuce a guje ta bayan gida, sai hannuwan da aka ɗaga ana fatiha su tsaya cik a sama, kowa ya kasa kunne, sai ƙarar ta yi nisa sannan a shafa.

Wani maƙwabci ya yi ta maimaitawa, kamar mai gardama da mutuwar, "Wallahi kwanan nan na gane shi da damen shinkafa bisa kai. Da idona."

Aminin Baffa, wani tsohon makiyayi da ɓarayin daji suka kore wa shanu har ya dawo zaman gari, ya zo da ƙwaryar nonon da yake samowa wurin danginsa. Ya ajiye ta a bakin zaure inda ya saba ajiyewa. Da ya ga muna kallonsa sai ya ce, "Nashi ne. Hannuna bai san ya mutu ba."

Sai Gwaggo, ƙanwar Baffa da ke aure a Bukkuyum. Ita ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta sa aka kira mata Yaya, babban ɗan Baffa, wanda ke aikin gwamnati a Anka, ta dube shi ta ce, "An ce mini har ya mutu shina ƙetare gulbi zuwa hwadama. Cikin wanga hali? Tsoho awa wanga, kana da albashi, ka bar shi da lauje a hannu? Mi kaka son mutane su ce?"

Yaya ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Ni ma ban ce ba, don ba a ja-in-ja da Gwaggo a gidan makoki. Amsar da ba mu ba ta ba ita ce nake rubutawa.

Baffa mutum ne dogo, marar jiki, mai manyan tafukan hannu. Bai san cin abinci don lokaci ya yi ba. In ya idar da asuba ya kurɓi kunu kaɗan, ya saɓa galma ya nufi mashigin gulbi, jirgi ya ƙetare da shi zuwa gonarsa ta fadama. Abin da ke ba ni mamaki ina yaro shi ne in ya komo, jikinsa na ɗigar zufa, ba ya taɓa abinci nan take. Inna ta san haka, ba ta ma kawowa. Sai ya sha ruwa, ya yi wanka, ya yi sallah, ya zauna a kan buzunsa yana jan carbi. In na tambaya ya ce, "Cikina bai iso ba tukuna, shina can bisa hanya. Bari shi iso." Can sai ka ji ya yi gyaran murya. Wannan gyaran muryar ita ce kiran akushi.

Akushin baƙi ne, tsohon gaske, ya tsage a baki an ɗinke shi da waya. Inna kan cika shi da tuwon shinkafa ko na dawa, da miyar kuka ko ta yakuwa da busasshen kifi. Baffa ya ci har ka ji sha'awa ta kama ka ko da ka ƙoshi. Ba ya magana, ba ya sauri. In ya kusa gamawa sai ya tara ɗan ragowa a gefe guda, ya lailaye ta da gefen hannu, ya tura wa yara. A gidanmu da wannan ragowar ake sanin lafiyarsa. In akushi ya komo da 'yar ragowa a lailaye, to gida lafiya.

Yana da magani guda ga duk yaron da ya ƙi abinci. Ba ya lallashi, ba ya duka. In Inna ta ce wane ya ture tuwo, sai ya ce, "Bai ci ba? Ku ba shi tulu." A ɗora maka tulu ka je gulbi ka komo, ka sake komawa. Kafin ka cika randa, tuwon da ka ture ya zama abin da kake leƙe. An ba ni tulun nan ba sau ɗaya ba. Har ƙattin gida in sun kwana biyu suna zaman shayi a bakin titi suna cewa bakinsu ba daɗi, haka yake ce musu.

Sai zamani ya juya. Ba sai na faɗa wa mutumin yankinmu yadda abin ya fara ba. Aka fara jin an ɗauke wane a gona, an tare motar kasuwa, an kore shanun ruga kaza. Gonakin nesa suka koma ciyawa. Masu ɗaukar mutane kuma suna da kunne a cikin gari, sun san tsohon da ɗansa ke karɓar albashi. Wani dattijo sa'an Baffa, wanda ɗansa ke aiki a birni, aka ɗauke shi a kan kunyarsa. Ya komo bayan an sha wuya, amma bai sake zama mutum ba.

A makon nan Yaya ya zo daga Anka, fuskarsa kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya durƙusa a gaban Baffa a zaure, ni ina gefe.

"Baffa, don girman Allah ka bar ƙetare gulbi. Ni ne sanadin da za a ɗauke ka. In anka ɗauke ka, ina za ni sa kaina?"

"To in zauna in yi mi?"

"Ka huta. Ka yi mana noma tun muna ciki. Abin da za ka ci na ɗauka."

Baffa ya daɗe yana kallon tafukan hannunsa. Yaya yana kuka sosai, gemunsa ya jiƙe. Ban taɓa ganin Baffa ya jure kukan ɗansa ba, ko yana yaro. Ya ce, "Tashi. Na yi maka alkawari, ba ni ƙetarewa sai ka ce." Baffa kuwa in ya yi alkawari, ko a kan allura ne, ya zama dutse.

Da farko mun yi murna. Aka ba wasu matasa gonar suka noma abin da suka iya. Baffa ya koma zaman buzu. Mu kuma muka kewaye shi da ladabi irin wanda aka koya mana. In ya ɗauki gatari zai faskara icce, wani ya ruga ya karɓe. In ya sunkuya zai ja guga a rijiya, suruka ta ce, "Haba Baffa, muna nan?" Ko butar alwala ba a barinsa ya ɗauka. Kowa yana neman lada a kansa.

Sai akushi ya fara komowa da rabi. Jikoki suka yi ta murna, ragowa ta yi yawa. Daga rabi ya koma loma biyu da aka gutsura a gefe. Wata rana ya komo yadda aka kai shi, miyar ta daskare a kai, ba alamar yatsa. Inna ta ajiye a tsakar gida ta ce yara su ci. Suka tsaya suna kallonsa, ba wanda ya sa hannu. Su ma sun gane wannan ba ragowa ba ce.

Yaya ya yi abin da ɗa nagari ke yi. Ya aiko da kaji, da madarar gwangwani, da lemon kwalba mai ƙara jini. Baffa ya kurɓa ya ajiye. Ni na ɗauko allo na rubuta masa ayoyin waraka, na wanke na ba shi ya sha da bisimilla. Ya sha don kada in ji kunya, ya ce, "Allah shi yi maka albarka," amma da yamma akushi ya komo cike. Muka kai shi asibiti, aka auna jini, aka duba ƙirji, ba a ga wata cuta ba. Aka ba mu maganin buɗe ciki. Bai buɗe ba.

Na ce masa, "Baffa, ko mu riƙa ɗan zagaya gari da safe, ka miƙe ƙafa?"

Ya harare ni. "Tahiya ba dalili? In bi lungu-lungu awa wanda akuyarsa ta ɓace? Su ce tsohon ga ya zautu?"

Rigarsa ta fara yi masa yawa. Wuyansa ya fito, idanunsa suka faɗa. Wata safiya a masallaci ya ɗago daga sujada ya kasa miƙewa, sai da ya dafa kafaɗata, na ji hannun nan da ke ɗaga galma kamar kara ba nauyi a kaina. Na kasa gane abin da liman ke karantawa. Tun ran nan na koma ina jin tsoron lokacin cin abinci. In na ga Inna ta nufi zaure da akushi, sai gabana ya faɗi, in yi ta addu'a a zuci in ji gyaran muryar nan. Shiru.

Amininsa makiyayi yakan zo su zauna. Shi ma tun da aka kore shanunsa ya bushe kamar itacen da aka sare. Wata rana na ji Baffa yana ce masa, "Bahillace, kai ma ba ka ci?"

"In ci in kai shi ina, Kaɗo? Da ina bin shanu, hura ƙwarya guda ba ta isa ta. Yanzu ludayi biyu ta tsaya mini a wuya."

"To mun zama ɗaya. An ɗaure mu a turke ana zuba muna dusa."

Suka yi dariya, dariyar da ta fi kuka tayar mini da hankali.

Inna ce ta fasa abin. Yaya ya zo ranar wata Juma'a da kwali a bayan babur. Bai gama saukewa ba ta fito da akushin a cike ta dire masa a gaban ƙafa.

"Duba," in ji ta.

"Inna, na kawo wani magani da anka ce..."

"Ba magani nika so ba. Ubanka nika so. Tun ina yarinya nike zuba tuwo cikin akushin ga, ban taɓa ganin ya komo haka ba ko shekarar yunwa da munka ci hoce da ruwa. Ka kwance shi."

"In kwance shi su ɗauke shi? Inna, kin san abin da sunka yi wa..."

"Na sani. Su ƙila su zo, ƙila ba su zo ba. Wanga kuwa," ta nuna akushin, "ga shi cikin gida, kullum shina cin mini miji ina kallo."

Yaya ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi mata ba. Ya ce duk garin za su ce ya kasa riƙe ubansa. Ya ce in wani abu ya faru, shi za a kira a waya, shi zai ji muryar Baffa ana dukansa. Inna ta kama hannunsa ta ja shi zaure, ta ɗage hannun rigar Baffa har kafaɗa. Yaya ya dubi damtsen ubansa, fata a kan ƙashi. Ya zauna a ƙasa daɓas.

Da ya samu murya ya ce, "Baffa, na janye. Amma gobe tare za mu."

Washegari muka ƙetare mu huɗu: Baffa, da Yaya, da ni, da makiyayin, don Baffa ya ce ba zai bar Bahillace a turke shi kaɗai ba, ya miƙa masa fartanya yana cewa, "Yau za ka san inda hatsi ke hitowa." Damina ta yi nisa, shinkafa ta kai gwiwa, ciyawa ta cinye rabinta. Baffa ya shiga laka yana rangaji. Ya yi 'yan taku ya tsaya yana haki, na ce a raina mun kawo shi ya mutu a nan. Ya sake sunkuyawa. A hankali bayansa ya tuna aikinsa.

Rana ta ɗaga sosai sai muka ji su. Ba ƙarar babur ɗaya ba ce, ta masu yawa ce a haɗe, tana tahowa ta hanyar da ke bayan fadama. Matan da ke gonar kusa suka watsar da ƙorai suka ruga wajen gulbi ba ko ihu. Makiyayin ya ce a hankali, "Ku kwanta." Muka zube a cikin shinkafa, fuska a laka. Ina jin ruwa yana shiga kunnena. Ina ganin Yaya ya zaro wayarsa, ya rasa yadda zai kashe ta, sai ya cusa ta cikin laka ya danne da ƙirjinsa. Ɗayan hannunsa yana riƙe da idon sawun Baffa. Baffa kuwa leɓunansa ne kawai ke motsi, yana hasbunallahu. Ƙarar ta matso har na ji ta a haƙorana. Ta rage gudu. Na ji muryar mutum yana kiran wani. Na yi kalmar shahada.

Sai ƙarar ta ci gaba. Ba mu ne a gabansu ba ran nan, wasu bayin Allah ne, Allah Ya kai musu ɗauki. Mun daɗe a kwance bayan shiru ya dawo. Da muka tashi, Yaya ya ce mu tafi yanzu-yanzu. Baffa ya dubi layin da ya fara, saura kaɗan. Ya sunkuya ya ƙarasa shi, sannan ya wanke hannu.

A gida ba wanda ya iya haɗiyar ko ruwa a cikinmu. Baffa ya yi wanka, ya yi la'asar, ya hau buzu da carbinsa. Inna tana tsaye a bakin madafa, ta riƙe akushin da hannu biyu. Gidan ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi. Sai muka ji gyaran murya.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Na zauna a bayan zaure ina jin ƙarar yatsunsa a jikin katako. Can ya ɗaga murya, "Ke, akwai ƙari?" Inna ta juya tana zuba tuwo hawaye na sauka a cikin tukunya. Makiyayin ya shanye furarsa har ya kife ƙwarya. Yaya kaɗai ya kasa. Baffa ya dube shi ya ce, "Kai ai ba aiki ka yi ba, kwanciya ka yi cikin laka. Gobe ka riƙe hauya da kyau, ka gani."

Kada wani ya ɗauka tsoro ya ƙare a nan. Sauya wuri kawai ya yi. Aka shirya Baffa ba zai ƙetare ba sai cikin jama'a, kuma ya komo kafin azahar. Kullum da safe Inna tana bakin ƙofa har ta hango rawaninsa. Yaya yana Anka, in wayarsa ta yi ƙara da lambar da bai sani ba, sai ya kasa ɗauka. Ni ma duk babur da ya tsaya a ƙofar gida sai na leƙa in ga ko wane ne. Haka muka ci sauran daminar. Amma akushi yana komowa da 'yar ragowa a lailaye, damtsen Baffa ya ciko, ya yanke shinkafarsa da laujensa, ya ɗauko dame a ka.

Bayan girbi zazzaɓi ya kama shi, bai daɗe ba. Ranar ƙarshe Inna ta tuƙa masa tuwon sabuwar shinkafar da ya noma. Ya ci kaɗan, ya tara sauran a gefe, ya lailaye, ya ce a ba yara. Ya cika da rana tsaka, a kan shimfiɗarsa, kansa a cinyar ɗansa, da kalmar shahada a bakinsa. Ba a daji ba, ba a hannun azzalumai ba, ba kuma a turke ba. Wannan ce amsar Gwaggo. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya ciyar da shi daga abincin Aljanna.

Saura tsoron da na ce zan iso gare shi.

Inna ta shiga takaba. Ba ta fita, kuma gida ya cika da surukai da jikoki mata masu son lada. Wannan ta karɓe tsintsiya, waccan ta karɓe muciya. Matar da tun asuba take tsakanin turmi da murhu ta koma zaman tabarma da carbi. Bayan sadakar bakwai na lura kwanonta yana fitowa daga ɗaki da rabi. Kafin arba'in ya fara fitowa a rufe yadda aka shigar da shi. Matan suka ce baƙin ciki ne, zai wuce. Akwai baƙin ciki, ban musa ba. Amma na ga wuyan hannunta ranar da ta miƙo mini shi muka gaisa, sai gabana ya yi irin faɗuwar nan da na sani.

Na kira Yaya na faɗa masa. Ya ce yana zuwa.

Ya iso jiya da hantsi, ba kwali a bayan babur. Ya shiga rumbu ya ɗebo shinkafar Baffa mai ƙaiƙayi a ƙwarya. Ya mirgino turmi da kansa har ƙofar ɗakin Inna, ya jingina taɓarya a bango. Matarsa ta taso da sauri, "Kawo in surfa mata." Ya ce, "Duk wadda ta taɓa taɓaryar ga, ni da ita." Ya durƙusa a bakin labule.

"Inna, ga shinkafar Baffa. Ba wanda ya iya surfa ta yadda shike so sai ke."

Can daga ciki, da 'yar muryar da ta rage mata, ta ce, "Tulu ne kaka ba ni?"

"Tulu ne, Inna."

Muka koma zaure ni da shi muka zauna a kan buzun Baffa, ba mai kallon wani. Aka daɗe. Sai muka ji taɓarya ta sauka sau ɗaya, da rauni. Ta tsaya. Yaya ya damƙe gwiwata. Ta sake sauka, ta sake, har sautin ya daidaita.

Bayan la'asar aka kai mata tuwo, a cikin baƙin akushin, don ita ta ce a zuba a nan. Da aka fito da shi Yaya ya tare yarinyar da ta ɗauko shi a tsakar gida, ya ɗaga faifan da aka rufe shi da shi. Ba ta cinye ba, da saura da dama. Amma an tara shi a gefe guda, an lailaye da gefen hannu.